Daga Fadamar Rima zuwa Wikki: Me Ke Dafa Ruwa a Ƙarƙashin Ƙasa?

Idan kana zaune a Birnin Kebbi ko Argungu, wataƙila ka taɓa tara hannu a ruwan rijiyar burtsatse mai zurfi da sanyin safiyar hunturu, ka ji shi da ɗumi. Kada ka ɗauka akwai dutse mai aman wuta a ƙarƙashinka. Kwarin Rima shimfiɗar yashi ne da laka da suka taru tsawon miliyoyin shekaru. Abin da ke faruwa shi ne, duk kilomita ɗaya da ka nutsa cikin ƙasa, zafi na ƙaruwa da kusan digiri 25 zuwa 30, ruwa kuma ya kwaso shi.

Haka labarin yake a maɓuɓɓugar Wikki da ke gandun dajin Yankari, Jihar Bauchi. Ruwan sama ne ya tsuma can ƙasa, ya ɗumama, sannan ya ɓullo daga gindin dutse da zafin kusan digiri 31, rani da damina. Ka yi iyo abinka, sai dai kada ka bar kayanka a hannun gwaggon biri.

To amma in tafiya ta kai ka kogon ruwan zafi a yankin duwatsu masu aman wuta, kamar Italiya ko Japan, lissafi ya canza. Can narkakken dutse ne ke gasa ruwan daga ƙasa, kuma yana tafe da iskar gas. Ɗaya daga cikin masu haɗari ita ce kabon dayoksaid: ba ta da launi, ba ta da wari, ta kuma fi iska nauyi, sai ta kwanta a ƙasan kogo tamkar ruwa a kwatarniya. Kusa da birnin Naples akwai wani kogo da ake kira Kogon Kare, domin a da kare kan suma a cikinsa alhali mai shi na tsaye ƙalau. Yanzu ka tuna tsawon yaronka. Wannan iskar ce ta fito daga Tafkin Nyos na Kamaru a 1986, ta hallaka mutum fiye da 1,700.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa iskar farar wuta ce. Idan ta yi yawa takan kashe jin wari, don haka ɗaukewar warin ba alamar lafiya ba ce. Kada ka shiga ba ɗan jagora, kada ka zauna a lungu mai kwari. Da ka ji jiri ko ciwon kai, ɗauki yaro a kafaɗa ku fito sarari.