Asibiti a Kan Tebur: Na'urorin da Ke Kula da Dattawan Unguwar Dosa

A gidaje da dama na Unguwar Dosa, kusa da rediyo da carbin maigida, yanzu akwai wata 'yar na'ura mai batir: ta auna hawan jini. Cututtukan da ke zuwa da tsufa, irin su hawan jini da ciwon suga, ba a gama da su da allura ɗaya. Ana zaune da su ne shekara da shekaru. Shi ya sa masu ƙera kayan lafiya suka karkata ga na'urorin da mutum zai yi amfani da su a ɗakinsa, ba sai ya hau Keke Napep zuwa Babban Asibitin Kawo ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko don awo kaɗai ba.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya kusan biliyan 1.28 masu shekara 30 zuwa 79 na da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Cutar ba ta cika yin alama ba, sai ta kai ga shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda. A nan ne na'urar gida ke da amfani. Idan awo ya yi ta nuna 140/90 ko sama, lokacin ganin likita ya yi.

Amma ba kowace na'ura ce abin dogaro ba. Wadda ake ɗaurawa a damtse, irin ta Omron, ta fi ta wuyan hannu daidaito. Ana so mutum ya zauna ya huta minti 5, ya jingina bayansa, hannunsa na kan tebur daidai da ƙirji, kuma kada ya yi magana. Idan maɗaurin ya yi wa damtse kaɗan, lambar kan haura fiye da gaskiya.

Babban tarkon yana wajen masu ciwon suga. A shagunan waya da kasuwannin intanet ana tallar agoguna masu araha da aka ce suna auna suga ba tare da tsira yatsa ba. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke wannan iƙirari ba. Haɗarin a fili yake: dattijuwar da agogo ya nuna mata sukanta lafiya lau na iya ajiye magani, ko ta yi allurar insulin fiye da ƙima. Yaron da ya saya wa Hajiya irin wannan agogo da kyakkyawar niyya, ya saya mata matsala.

Abin da ke aiki shi ne na'urar tsira yatsa irin Accu-Chek. Ita kanta ba ta da tsada sosai, tsinken gwajin ne ke cin kuɗi, domin kowane sau ɗaya ake amfani da shi. Kafin a saya, a tambayi kemis ɗin unguwa ko yana kawo tsinken wannan samfurin. Akwai kuma FreeStyle Libre, wani ɗan faifai da ake mannawa a bayan damtse, yana bibiyar suga har kwana 14, sai dai canza shi duk mako biyu ya fi ƙarfin mai jiran fansho.

Sai batun zafi da wuta. Insulin da ba a buɗe ba na buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, wanda aka fara amfani da shi kuma kada ya wuce digiri 30. A watan Maris da Afrilu zafin Kaduna kan zarce haka, ga Nepa ba tabbas. Wanda ba shi da firijin sola na iya komawa ga dabarar Mohammed Bah Abba, malamin Jigawa da ya samu kyautar Rolex a 2000: tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Ba ta kai firiji ba, amma tana rage zafi ga insulin da ake kan amfani da shi, muddin ruwa bai taɓa kwalbar ba.

Wayar hannu ce ke haɗa duk wannan. Ƙararrawa ta tuna lokacin magani, jika ya rubuta awon safe da na dare, a nuna wa likita ranar asibiti. Awo na wata guda a rubuce, ko a littafin makaranta ne, ya fi wa likita amfani fiye da awo ɗaya bayan doguwar jira a layi. Na'ura tana ba da lamba ne kawai. Ƙara magani ko rage shi aikin likita ne.