Kiwon macizai a gida

Kiwon macizai a gida shi ne ajiye maciji a cikin akwati ko keji na musamman domin sha'awa, kamar yadda wasu ke ajiye tsuntsaye ko kifin ado. Al'adar ta fi yaɗuwa a Amurka da Turai da Japan, inda ake da shagunan sayar da macizai da abincinsu, da kuma likitocin dabbobi da suka ƙware a kansu. Kusan duk macizan da ake ajiyewa ta wannan hanya marasa dafi ne. Maciji ba ya shaƙuwa da mai shi kamar kare ko kyanwa, sai dai yakan saba da hannun mutum har ya daina tsorata. Yawancin nau'ukan kan yi shekara 15 zuwa 30 a raye idan suka sami kulawa, don haka ɗaukar nauyinsu aiki ne na dogon lokaci.

Nau'ukan da aka fi ajiyewa

Macijin masara (Pantherophis guttatus) ɗan asalin kudu maso gabashin Amurka ne. Siriri ne, tsawonsa yakan kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ba shi da faɗa, kuma ba ya wahalar ciyarwa. Shi aka fi ba wa masu farawa shawarar su ɗauka.

Mesa mai dunƙulewa (Python regius) 'yar asalin yammaci da tsakiyar Afirka ce, daga Senegal zuwa Najeriya da Kamaru har Sudan ta Kudu da Uganda. Ƙaramar mesa ce mai kauri, da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi. Ta sami sunanta ne daga halinta na dunƙulewa kamar ƙwallo, ta ɓoye kanta a tsakiya idan ta tsorata. A shekarar 2020 wata mesa irin wannan mai kimanin shekara 62 ta yi ƙwai a gidan namun daji na St. Louis a Amurka.

Akwai kuma manyan nau'uka kamar mesar Burma, wadda kan haura mita huɗu. Irin wannan ta fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma ba ta dace da ɗakin kwana ba.

Wurin zama da zafi

Ana ajiye maciji a akwatin gilashi ko na roba mai ramukan shan iska da murfi mai kulle, domin maciji gwani ne wajen tura murfi da bin ƙaramar kafa. Ƙa'idar da masu kiwo da yawa ke bi ita ce akwatin ya ba macijin damar miƙewa gaba ɗaya.

Jikin maciji ba ya samar da zafin kansa, da zafin wurin da yake ya dogara wajen motsi da narkar da abinci. Saboda haka ake ɗumama gefe ɗaya na akwatin da fitila ko shimfiɗar lantarki, a bar ɗaya gefen da ɗan sanyi, macijin ya riƙa zaɓar inda jikinsa ke so. Ga mesa mai dunƙulewa, gefen ɗumi yakan kasance tsakanin digiri 30 da 32 a ma'aunin Selshiyas, gefen sanyi kuma kusan 25 zuwa 27. Dole a haɗa abin ɗumamawar da na'urar daidaita zafi, domin maciji yakan kwanta a kan abu mai zafi har ya ƙone bai matsa ba.

Ana sa maɓoya biyu, ɗaya a kowane gefe, da kwanon ruwa mai tsafta wanda macijin zai iya shiga ya jiƙa jikinsa. A ƙasan akwatin ana shimfiɗa takarda ko ɓawon kwakwa da aka niƙa. Yashi da ɗusar katako mai ƙamshi kan jawo masa matsala.

Abinci

Dukkan macizai masu cin nama ne, kuma suna haɗiye abincinsu ɗungurungum. Na gida ana ba su ɓeraye da aka kiwata don haka. Girman ɓeran bai kamata ya wuce kaurin tsakiyar jikin macijin ba. Ƙananan macizai na ci duk bayan kwana biyar zuwa bakwai, manya kuma duk bayan kwana 10 zuwa 14.

An fi son a ba da ɓeran da aka kashe aka daskarar, sannan aka narkar da shi ya ɗan yi ɗumi. Ɓera mai rai yana iya cizon macijin da ba ya jin yunwa ya yi masa mummunan rauni, ɓeran da aka kamo a gida ko gona kuwa yana iya ɗauke da tsutsar ciki ko gubar ɓera. Bayan maciji ya ci, ba a ɗaukarsa sai bayan kwana biyu, in ba haka ba yana iya amayar da abincin. Mesa mai dunƙulewa takan ƙi cin abinci na makonni, wani lokaci har watanni, kuma ba a ɗaukar hakan cuta sai idan ta fara ramewa.

Saɓa da lafiya

Maciji na yin saɓa yayin da yake girma, ƙanana kusan duk wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi, manya sau 'yan kaɗan a shekara. Kafin saɓar launinsa yakan dusashe, idanunsa su yi hazo, ganinsa ya ragu, don haka a lokacin ya fi saurin sara. Lafiyayyen maciji yana fitar da saɓarsa a haɗe. Idan ta fita gutsure-gutsure, yawanci iskar akwatin ce ta bushe, sai a ƙara laima.

Cututtukan da aka fi gani sun haɗa da ciwon numfashi, wanda ake ganewa da shan iska da baki a buɗe da majina, da ruɓewar baki, da ƙananan kaska masu shan jini a ƙarƙashin ɓawon fata. Mafi yawansu suna da nasaba da sanyi ko ƙazanta. Sabon maciji ana keɓe shi na wata biyu zuwa uku kafin a kawo shi kusa da wasu.

Haɗari ga mutane

Ko da maciji ba shi da dafi, yakan ɗauki ƙwayar cutar Salmonella a hanjinsa ba tare da ya nuna alama ba. Tana jawo wa mutum zawo da zazzaɓi. Ana wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi ko akwatinsa, ba a kuma wanke kayansa a inda ake wanke kwanuka. Hukumomin lafiya a Amurka na ba da shawarar kada yara 'yan ƙasa da shekara biyar su taɓa irin waɗannan dabbobi.

Kamo maciji a daji don ajiyewa ya fi komai haɗari, domin wanda bai ƙware ba yana iya ɗaukar kububuwa ko kasa a matsayin mara dafi. Saran kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma yana kisa idan ba a sami maganin dafi a asibiti ba.

Doka da fatauci

Birtaniya tana buƙatar lasisi kafin a ajiye maciji mai dafi, a ƙarƙashin dokar dabbobin daji masu haɗari ta 1976. Jihar Hawai da ƙasar Niyu Zilan sun hana ajiye macizai a gida. A Fulorida, mesar Burma da ta kuɓuce ko masu ita suka saki ta hayayyafa a fadamar Everglades, ta rage yawan zomaye da sauran ƙananan dabbobi sosai, har Amurka ta hana shigo da ita a 2012.

Ghana da Togo da Benin su ne manyan ƙasashen da ke fitar da mesa mai dunƙulewa. Mafarauta kan tono mata masu ƙwai daga ramuka, a ƙyanƙyashe ƙwan a gonakin kiwo, a tura 'ya'yan ƙasashen waje. Nau'in yana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ta wajabta samun izini kafin a tsallaka iyaka da shi, kuma ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin dabbobin da ke dab da shiga barazana. Likitocin dabbobi sun fi son a sayi macijin da aka haifa a hannun masu kiwo, domin ya fi lafiya kuma sayensa ba ya rage na daji.