Maganin Ciwon Damuwa: Amfaninsa Da Illarsa

Duk wanda ya san Sakajiki da sauran garuruwan ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ya san irin wahalar da 'yan bindiga suka jefa talakawa a ciki cikin 'yan shekarun nan. Wanda harsashi ya sama, kowa yana ganin rauninsa, a ɗauke shi a kai asibiti. Amma akwai wani ciwon da ba ya fid da jini. Sai ka ga mutum ya wuni zugum, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya kasa ko ɗaga fartanya, har fiye da mako biyu. Wannan shi likitoci ke kira ciwon damuwa. Cuta ce kamar sauran cututtuka, tana kama mai tawakkali da maras shi, kuma tana da magani.

Wani likita a ƙasar Suwizalan mai suna Roland Kuhn shi ne ya ba da labarin amfanin wata ƙwaya, imipramine, a 1957. Daga baya aka samo amitriptyline, wadda ta fi yawa a asibitocinmu saboda arha, sa'an nan a 1987 aka yarda da fluoxetine a Amurka.

To, yaya suke aiki? Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta bakin waɗansu sinadarai, kamar serotonin da noradrenaline. Sinadarin kamar masinja yake: da ya miƙa takarda sai ofishin da ya aiko shi ya kira shi ya koma. Aikin ƙwayar shi ne ta hana a janye shi da wuri, don saƙon ya daɗe yana isa. Wannan kuwa yakan fara tun ranar farko, amma sai ƙwaƙwalwa ta ɗauki lokaci tana gyara kanta kafin mutum ya ji sauƙi, watau mako biyu zuwa huɗu, wani ma har shida. Manomi ba ya zuba taki yau ya nemi zangarniya gobe.

A nan ne mutane da yawa ke yin asara, gama illar maganin takan riga amfaninsa zuwa. Amitriptyline tana busar da baki, tana kawo gyangyaɗi da taurin bayan gida, da jiri in an miƙe tsaye farat ɗaya. Don haka akan ce a sha ta da dare. Direban da ke bin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ya faɗa wa likita sana'arsa tun da fari, mai azumi kuma ya tambayi lokacin da ya dace. Ita kuwa fluoxetine takan kawo tashin zuciya da ciwon kai da rashin barci, ga wasu kuma ta rage sha'awar iyali. Wannan na ƙarshe kunya kan hana a faɗa, alhali likita yana iya rage maganin ko ya sake wani. Yawancin sauran illolin sukan lafa in jiki ya saba.

Akwai abubuwa uku da muke roƙon masu karatu su riƙe. Na ɗaya, amitriptyline in an sha da yawa tana rikita bugun zuciya har ta yi kisa. Lalle a kulle ta inda yara ba su kaiwa, in hali ya yi wani babba a gida ya riƙa ba mai ciwon. Na biyu, matasa 'yan ƙasa da shekara 25 a sa musu ido sosai a makonnin farko, don wasu tunanin halaka kansu yakan ƙaru. In an ji irin wannan magana a garzaya asibiti ran nan. Na uku, kada a yanke magani don an ji sauƙi. Akan ci gaba da sha wata shida ko fiye bayan an warke, sa'an nan likita ya riƙa ragewa sannu a hankali, in ba haka ba ciwon yana iya komowa.

Kada kuma a haɗa waɗannan da tramadol da samari ke saye a kasuwa, wadda ke bautar da mai shanta. Likita ne zai auna ya rubuta, ko a babban asibitin garinku, ko a Asibitin Tarayya na Gusau, ko a asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa na Kware kusa da Sakkwato.

Mun sani ƙwaya ba ta maido da wanda aka kashe, ba ta maido da shanun da aka kora. Abin da take yi shi ne ta ba mutum barci da ƙarfin da zai tashi ya nemi na kansa, tare da lallashin dangi da addu'a. Ku malaman makaranta da ma'aikatan ofis, ku ne ake kawo wa takardar asibiti ku karanta. In an kawo muku, ku faɗa wa mai ita gaskiya: kwanakin farko da wuya, amma mahaƙurci mawadaci. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.