Sababbin Magungunan Ciwon Gajiyar Tsokar Ido a Jikin Yara

Daga cikin cututtukan da ke rikita iyaye akwai wanda likitoci ke kira miyasteniya girabis, wato ciwon saurin gajiyar tsoka. Idan ya tsaya a ido kawai, yaro yakan wayi gari idonsa tangaram, amma kafin la'asar sai fatar ido ta sauko ta rufe rabin ƙwayar, ko kuwa ya riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu. Sau da yawa akan ɗauka barci yake ji.

Asalin ciwon shi ne garkuwar jiki ta juya wa mai ita baya. A mahaɗar jijiya da tsoka, jijiya kan saki wani sinadari mai suna asetilkolin, shi ne saƙon da ke umurtar tsoka ta motsa. To, sai jiki ya ƙera waɗansu dakarun garkuwa da ke toshe ko lalata ƙofofin da ke karɓar wannan saƙo. Masana biyu, Patrick da Lindstrom, su ne suka nuna haka a jikin zomaye a shekarar 1973. Hatsarin ya fi tsanani ga ƙaramin yaro, domin ganinsa bai gama ƙosawa ba. Idon da ya daɗe a rufe, ƙwaƙwalwa kan yi watsi da shi, har ganinsa ya raunana ko bayan fatar ta ɗaga.

Maganin farko shi ne firidostigmin, wanda ke hana saƙon jijiya saurin rushewa. In bai wadatar ba sai a koma ga firedinisolon, wanda yakan yi aiki sosai, sai dai daɗewa a kansa na iya tauye girman yaro, ya kawo ƙiba da raunin ƙashi da yanar ido.

Wannan ne ya sa hankali ya koma ga magungunan da ake samarwa daga rayayyun ƙwayoyin halitta a ɗakin bincike, waɗanda kowannensu ke nufar gaɓa guda ta garkuwa maimakon danne ta baki ɗaya. Rituksimab, wanda aka fara yarda da shi a Amurka a 1997 don sankarar jini, yana rage ƙwayoyin da ke haifar da maƙeran waɗannan dakaru. Efgatijimod, na 2021, da nifokalimab, na 2025, suna hanzarta fitar da dakarun daga jini. Shi kuwa ekulizumab yana tare farmakin ƙarshe da ke farfasa ƙofofin; an amince da shi ga manya a 2017, sa'an nan Tarayyar Turai ta yarda a ba yara daga shekara 6 a 2023. Amma yana buɗe ƙofa ga sanƙarau, don haka dole a yi wa yaro rigakafi tukuna, kuma wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne a ƙasar Hausa, inda cutar kan ɓarke da bazara.

Abin lura shi ne, duk waɗannan izini na 2017 zuwa 2025 an bayar da su ne don nau'in da ya game jiki, ba na ido kaɗai ba. Haka nan kuma, yaran da ba su balaga ba sukan sami sauƙi da kansu fiye da manya, saboda haka ɗora irin wannan yaro a kan ƙarin ruwa mai tsadar gaske abu ne da ke bukatar hujja mai ƙarfi. Hujjar takan samu ga yaron da tsokar idonsa ta ƙi jin magani. Binciken Jeannine Heckmann da abokan aikinta a Jami'ar Kef Tawun ya nuna cewa irin wannan taurin ya fi yawa ga baƙar fata waɗanda ciwon ya kama tun suna ƙanana.