Kamara ɗaya za ta iya kowane aiki?

Manomi ba ya saran itace da hauya, ba ya kuma noma da gatari. Kowane aiki da kayansa. Haka abin yake ga masu ɗaukar hoto.

Kamara akwati ce mai duhu a ciki. A gabanta akwai gilashi, shi ne idonta. Bayan idon akwai wata ƴar ƙofa. In aka danna maɓalli, sai ƙofar ta buɗe, haske ya shiga, ta sake rufewa. Hasken nan shi ke zana hoto. A da a kan fim yake zana shi. Yanzu a kan wani ɗan allo mai aiki da lantarki yake zana shi. Dukan kamarori haka suke aiki, amma ba hoto iri ɗaya ake nema da su ba.

A shekarar 1948, Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a Bamako, babban birnin Mali. Kamararsa babba ce, a kan ƙafafu take tsayawa. Fim ɗinta santimeta 13 ne a faɗi, 18 a tsawo. Saboda girman fim ɗin, har zanen atamfa yana fitowa sarai. Amma dole mutum ya zauna shiru kafin a ɗauke shi.

Ɗan kokowa kuwa ba ya zama shiru. Kafin a gyara babbar kamara, an riga an yi kaye. A filin kokowa ƙaramar kamara ake so, mai saurin buɗe ƙofa da rufewa, cikin kashi 1 bisa 1000 na daƙiƙa. Wata shahararriyar ƙaramar kamara, mai suna Leica, ta fito a Jamus a 1925.

Raƙuman dawa na Kure, gabas da Yamai, ba a matsa musu kusa ƙwarai. Mai ɗaukar su yana sa wa kamara dogon ido, mai jawo abin da ke nesa. Amma dogon ido yana da nauyi, kuma ba ya iya haɗa dukan ƴan aji cikin hoto ɗaya a ɗaki.

Wani wurin ma sai kamara ta musamman. A 1963 kamfanin Nikon na Japan ya fitar da Nikonos, wadda ake nutsewa da ita cikin teku. A 1969 ƴan sama jannati na Amurka sun je duniyar wata da kamarar Hasselblad. Sai da aka gyara ta don su iya aiki da ita da safar hannu mai kauri.

To, salula fa? Tana shiga aljihu, tana ayyuka da yawa. Amma idonta ƙarami ne, allonta ma ƙarami, haske kaɗan suke kamawa. Shi ya sa hoton dare da na nesa suke ba ta wuya. Masu ƙera ta sun san haka, don haka suke sa wa wasu ido biyu ko uku.

Ashe babu kamarar da ta gama kome. Mai hankali, kafin ya kashe kuɗinsa, yakan tambayi kansa: me zan ɗauka, a ina, da wane haske?

Tambayoyi
1. Me ke zana hoto cikin kamara?
2. Don me babbar kamara ba ta dace da filin kokowa ba?
3. Wane irin ido ake sawa don ɗaukar raƙumin dawa?