Kada Wuta Biyu Su Haɗu: Aikin Makunnin Sauya Layi

Duk wanda ya taɓa zama a Ƙofar Atiku, cikin birnin Sakkwato, da magariba, ya san abin da ke biyo bayan ɗauke wuta. Unguwa takan yi tsit na ɗan lokaci, can sai ƙarar janareta ta fara tashi daga shago zuwa shago. Kafin fitila ta kama, sai wani ya je jikin bango ya ja hannun wani ƙaramin akwatin ƙarfe. Wannan akwati shi ne makunnin sauya layi, wanda masu aikin wuta ke kira cenji-oba. Mutane da yawa sun ɗauka aikinsa kawo haske ne kurum. A gaskiya babban aikinsa shi ne hana wutar kamfani da wutar janareta haɗuwa a waya ɗaya.

Wutar da ke zuwa Sakkwato takan biyo babban layi daga Birnin Kebbi. Jama'a har yau suna ce mata wutar NEPA, ko da yake hukumar da aka kafa a 1972 ta zama PHCN a 2005, sa'an nan daga baya rarraba wuta a jihar ya koma hannun kamfanin Kaduna Electric. A cikin unguwa akwai taransifoma mai rage ƙarfin wutar daga bolt 11,000 zuwa kimanin 230 da ake amfani da shi a gida.

To, a nan haɗarin yake, domin taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Idan aka tayar da janareta alhali gidan yana haɗe da layin kamfani, wutar za ta fita ta koma cikin taransifoma, ita kuwa ta ɗaga ta zuwa dubban bolt. Ma'aikacin da ya hau turke yana gyara, da tabbacin an kashe layi, yana iya rasa ransa nan take. Haɗari na biyu yakan zo ne idan aka maido da wuta kwatsam. Wutar kamfani tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, haka ma ta janareta, amma ba tare suke taku ba. Idan suka yi karo, janareta na iya ƙonewa, gobara kuma na iya tashi.

Saboda haka aka ƙera makunnin da matsayi uku: na kamfani, na sifiri a tsakiya, da na janareta. Dole ne ya saki layi ɗaya kafin ya kama ɗayan, kuma a cikinsa akwai wani ƙarfe mai tokarewa, wanda ba ya barin ɓangarorin biyu su rufe lokaci guda.

A manyan wurare kamar asibitoci da bankuna, akan sa irin wanda ke aiki da kansa. Yana da ƙwaƙwalwar lantarki mai auna wutar kamfani dare da rana. Da ta ɗauke, sai ya dakata 'yan daƙiƙoƙi don ya tabbata ba ƙiftawa ta yi ba, ya tayar da janareta, ya jira ta daidaita, kana ya sauya layi. Idan wuta ta dawo ma ba ya gaggawar komawa.

Mai karatu zai iya tambaya: in haka ne, me ya sa masu ƙera shi ke barin hannun da mutum zai ja? Dalili shi ne na'ura ma tana gazawa. Ƙurar hunturu takan shiga cikinta, zafin bazara da ke haura digiri 40 yakan gajiyar da kayanta, batirin janareta kuma yakan mutu. Wani lokaci wutar kamfani tana nan amma ba ta da ƙarfi. Haka nan injiniya yana bukatar gwada janareta tun kafin ranar da za a neme ta. A ɗakin tiyata, wannan hannu shi ne mafita ta ƙarshe.

Amma jan sa yana da ƙa'ida, kuma aikin wanda aka horar ne. Da farko zai juya maɓalli daga aikin kai zuwa aikin hannu, don kada na'urar ta motsa yana riƙe da ita. Sai ya kashe manyan kaya kamar famfon burtsatse da na'urar sanyaya ɗaki, domin raba layi da kaya masu nauyi a kai yakan haifar da tartsatsi mai ƙona fuska da hannu. Bayan janareta ta daidaita, zai kai hannun sifiri, ya ɗan dakata, kana ya ƙarasa. Daga nan sai ya kunna kaya ɗaya bayan ɗaya. Idan an gama, wajibi ne a mayar da maɓallin inda yake, in ba haka ba ranar da wuta ta ɗauke cikin dare babu abin da zai tashi.

Malaman kimiyya na iya nuna wa ɗalibai wannan darasi da batiri biyu na tocila, da ƙaramin ƙwai, da makunni mai hanya biyu. Ku kuma ɗalibai, ku duba gidajenku. Idan kun ga ana cusa wayar janareta kai tsaye cikin soket ɗin bango, ku sanar da magabata cikin ladabi cewa ran wani da ke kan turke yana cikin haɗari, a nemo ƙwararre ya sa makunni.