Tanti, Tamfol ko Bukka: Wanne Ya Dace da Mai Kwana a Gonar Rani?

Daga watan Nuwamba zuwa Afrilu, duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano ya wuce Kura zai ga gonaki kore shar hagu da dama, alhali sauran ƙasa ta bushe. Ruwan Dam ɗin Tiga ne, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, yake bin kanal yana shayar da filayen Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Kowa na maganar tumatur da albasa da alkamar da ake samu, amma ba a cika tuna masu kwana a cikinsu ba: mai gadin injin ban-ruwa, mai tsaron amfanin da ya nuna, da 'yan ci-rani masu tsinkar tumatur ɗin da za a kai Kwanar Gafan da sassafe.

Makwancinsu iri uku ne: bukkar kara da zana, rumfar tamfol ko leda, sai tantin kanti da ake samu sabo ko gwanjo. Zaɓi tsakaninsu ya danganta da lokacin shekara, da kuma yadda iska ke ratsa makwancin. Tsada ko kyawun gani ba sa cikin lissafi.

A Disamba da Janairu sanyin asuba a Kano yakan sauko ƙasa da digiri 15, kuma bakin ruwa ya fi haka tsanani. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka ƙofa ta kalli kudu ko yamma, a ƙara zana ta bayan da iskar ke duka. Mutane da yawa sukan lulluɓe ko'ina da leda don kada sanyi ya shigo, sai su farka bargo ya jiƙe. Dalili kuwa, numfashi da gumin mai barci suna fitar da danshi, idan ya taɓa leda mai sanyi sai ya koma ruwa ya ɗiɗɗigo. Shi ya sa tanti mai kyau yake da rufi biyu: na ciki yadi ne ko raga mai barin danshi ya fita, na waje mai tare raɓa, da tazara a tsakaninsu. Mai bukka zai iya yin haka: kara da zana a ciki, tamfol a sama, a bar 'yar kafa kusa da tsororuwa.

Wannan kafar tana ceton rai. Gawayin da ke ci a rufaffen wuri yana fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Farkonta ciwon kai da jiri, mai barci kuwa bai san ta shige shi ba. Hayaƙin injin ban-ruwa da janareta ma yana ɗauke da ita. Kada a shigar da kaskon wuta ciki, kada a kafa makwanci inda iska ke kaɗo hayaƙin inji.

Sai gobara. Alhazanmu sun san labarin Mina: a watan Afrilun 1997 wuta ta cinye dubban tantuna, mutum sama da 300 suka rasu, daga nan Saudiyya ta sauya su da tantunan da ba sa kama wuta. Kara busasshe yana ci nan take, leda kuwa narkewa take yi ta manne a fata. A yi girki da shayi a waje, nesa da jarkar fetur, a kuma haskaka ciki da fitila mai caji.

Da bazara ta shigo, Maris zuwa Mayu, zafi yakan kai digiri 40. Baƙar leda da tamfol mai duhu suna shan rana, cikinsu ya koma kamar tanderu. A nan bukkar kara ta fi tantin kanti, domin kara ba ya riƙe zafi kuma iska na ratsa shi. Idan tamfol ne a hannu, a zaɓi fari ko mai ruwan azurfa, a ɗaga shi sama, a buɗe gefensa. A tuna cewa hadarin farko daga gabas yake tasowa da guguwa. Turaku su shiga ƙasa sosai a karkace, igiya ta yi tsauri, rufi ya zama mai gangara don kada ruwa ya kwanta. Mai sayen tanti ya duba ɗinki da zif da ƙarafuna, ya kafa shi a gaban mai sayarwa. Idan an rubuta ƙarfin tare ruwa, 1,500mm ko sama da haka yana jure ruwan sama na yau da kullum. Ledar da ta fi sauƙin kuɗi rana ke cinye ta kafin kaka ta zagayo. Araha ba ta ado.

Inda ruwa ke kwanciya, sauro ba ya hutu ko da rani. Makwancin da ba za a iya ɗaura gidan sauro mai magani a cikinsa ba bai cika ba. A kafa shi a tudu, nesa da bakin kanal da ciyawa mai duhu, a share kewayensa, a ɗaga shimfiɗa a kan gadon kara saboda kunama da maciji, a kaɗe takalmi kafin a sa.

Yawancin masu kwana a gona ba su ne masu gonar ba. Manomin da ya ware kuɗin taki da iri da fetur, ya dace ya ware na tamfol mai kauri da gidan sauro da bargo ga wanda ya bar wa amanar dukiyarsa. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, da suke tara manoma kan gyaran kanal, su ma za su iya sanya wannan cikin abin da suke tunatarwa a farkon kowane rani. Lafiyar mai gadi haƙƙi ce a wuyan mai gona.